Surukin da Ya Hana Ruwa Gudu a Jinyar Hajiya

Da sunan Allah mai saukar da lafiya bayan ciwo. Abin da zan rubuta a nan jinyar surukata ce, Hajiya Binta, mahaifiyar matata Rabi. Ta warke, alhamdu lillahi, shi ya sa nake iya ba da labarin ina dariya. Na rubuta ne domin 'yan uwanmu mazauna New York, musamman maza irina masu son a ce sun iya kula da surukai. Sunana Habibu, Bakano ne ni, tasi nake tuƙawa, muna zaune a unguwar Highbridge.

Hajiya ta daɗe a ƙasar nan. Ta zo ne da mijinta, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi aikin direba a wani ofishin jakadanci. Bayan rasuwarsa ta ci gaba da zamanta a unguwar Morrisania, ita kaɗai a ɗan gidanta, tana kitso tana sayar da turaren wuta. Turancinta na ciniki ne. Ta san farashi, ta san lambar bas, ta san yadda za ta ce wa mutum kayansa sun yi tsada. Abin da ya wuce wannan kuma sai murmushi.

Shekarun baya ƙiba ta yi mata yawa, ga ciwon suga, ga gwiwoyi sun fara ƙin ɗaukarta. Likitoci suka ba da shawarar a yi mata aikin rage tumbi, a yanke wani ɓangare ya koma ɗan siriri, ta riƙa ƙoshi da abinci kaɗan. Inshorar gwamnati, wadda ake ba masu ƙaramin ƙarfi, ita ta biya. Aiki ya yi kyau, jiki ya sauka, suga ya kwanta, Hajiya ta koma hawa matakala ba tare da ta tsaya hutu ba. Muka yi godiya muka manta da zancen.

A bara ne Rabi ta fara dawowa daga gidan mahaifiyarta fuska a murtuƙe. Ta ce ta ga kofin jar kanwa a jiƙe a kicin, ga kwalaben maganin ƙwannafi ko'ina, har cikin jakar sallah. Ta ce ramar ta wuce ta lafiya, wuyan Hajiya ya zurma, ɗan kunne ma ya yi mata nauyi. Ta tambaye ta, Hajiya ta ce babu komai. To Rabi 'yar fari ce. Hajiya ko sunanta ba ta faɗa, sai dai "ke" ko "yarinyar nan", ballantana ta zauna tana karanta mata abin da ke faruwa a cikinta.

Da ƙyar aka lallaɓa ta ta yarda da ganin likita. Rabi tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu, daga safe zuwa yamma, kuma in ta cika fashi sai a ba wata ma'aikaciyar tsohuwar da take kula da ita. Sai na buga ƙirji na ce ni zan riƙa kai ta. Ga mota, ga Turanci, ga neman lada. Ban ɓoye muku ba, har da son a ji a gari cewa Habibu yana hidima da surukarsa.

Likitan unguwa ya tura mu wurin likitan tiyata, wani ɗan siririn mutum mai saurin magana, kullum kamar an bar shi da tukunya a wuta. Ranar farko a wurin rajista wata nas ta tambaya ko muna buƙatar tafinta, ta ce kyauta ne. Na ce mata ina amfanin tafinta ga ni a tsaye? Hajiya dai ta gyara mayafinta.

Aka ba ta wani farin ruwa mai kauri ta sha, aka ɗauki hoto yana sauka. Likita ya ce tumbin da aka rage ya ƙara tsukewa a wani wuri, kuma ruwan tsami yana komowa sama yana ƙona maƙogwaro. Ya ce akwai gyara, wato aiki na biyu, a yi wa abinci sabuwar hanya. Amma inshorar gwamnati ba ta biyan aiki na biyu haka siddan. Sai an nuna musu cewa aikin "medically necessary" ne. Waɗannan kalmomi biyu sun zauna mini a kai har yau, don na ji su ya fi a ƙirga. Nufinsu larura ce ta sa, ba sha'awa ba. Za a fara gwada ƙwayoyi na wasu watanni. In sun yi aiki, shi ke nan. In sun kasa, ya rubuta wa inshora ya nemi izini.

Muka shiga zarya. Zan ɗauko ta da hantsi, in durƙusa in gaishe ta a bakin ƙofa, ta shiga bayan mota, in karkatar da madubi don kada mu haɗa ido. A asibiti mu yi ta zama a layi, ana kiran sunaye ana karya su, har a zo kan namu. A ɗakin likita Hajiya za ta zauna ta ba ni gefe, ni kuma in tsaya kusa da ƙofa ina kallon wani zanen hanji da ke bango. Na haddace zanen nan tsaf.

Likita zai ce in tambaye ta ko tana amai bayan cin abinci. Jama'a, ku faɗa mini da wane bakin zan dubi uwar matata in ce, "Hajiya, kina amai?" Sai in rage murya in ce, "Hajiya, wai yana tambaya ya jikin."

"Da sauƙi, Malam," in ji ta.

In juya in ce wa likita ta ce ta ji sauƙi. Ya tambayi gyatsa, ya tambayi bayan gida, ya tambayi ko tana iya kwanciya a miƙe. Ni kuma in dunƙule su duka in ce, "Hajiya, wai ana samun barci?"

"Alhamdu lillahi."

Ya rubuta. Haka muka yi ta yi, ziyara bayan ziyara, ina fitowa ina jin daɗin kaina. A hanya har nakan ce wa Rabi a waya, "An ga likita, komai lafiya." Kuma tsakanina da Allah na ɗauka lafiyar ce, domin tunda na auri Rabi ban taɓa ganin Hajiya ta kai loma baki ba. Ba ta ci a gabana, ba na ci a gabanta. Ta ina zan san cewa ta daina ci?

Ana cikin haka labari ya kai gida, saƙonnin murya suka fara shigowa. Ƙanwar Hajiya ta ce a ƙara kanwa. Wani kawu ya ce zuma da habbatus sauda, safe da yamma. Wata gwaggo ta ce dama ita tun farko ba ta ga dalilin da zai sa a yanke wa mutum tumbin da Allah ya ba shi ba. Wani kuma ya ce a kai ta Masar, yana da yaro a can. Kowa dai da ƙauna ya faɗa, Allah ya saka musu, amma babu wanda ya ce ga kuɗin jirgi.

Likitan nan, Allah ya yi masa albarka, bai gamsu ba. Bakin marar lafiya yana cewa sauƙi, sikeli yana cewa akasin haka, gwajin jini kuma ya nuna jini ya yi ƙasa. Sai ya rufe ido ya nemi izinin aikin. Bayan 'yan makonni amsa ta zo: sun ƙi. Dalilinsu shi ne bayanan likitan da kansa sun nuna ƙwayoyi suna aiki, marar lafiya tana cewa ta ji sauƙi a kowace ziyara. Na tambayi abin da aikin zai ci in mutum zai biya da aljihunsa. Da aka faɗa mini sai na nemi kujera. Rabi ta yi kuka a ranar, ni kuma na yi ta zagin mutanen inshora, na ce marasa imani ne, suna zaune a ofis suna wasa da ran mutane.

Hajiya tana da aminiya, Anti Memuna, 'yar Zangon Kumasi, mai shagon kayan miya a Morrisania. Mace ce doguwa mai murya, ba ta san kwana-kwana ba, kuma Hausarta ta Zango ba ruwanta da bambanta mace da namiji. Ita kaɗai ke da makullin gidan Hajiya. Na shiga shagonta sayen daddawa, na tarar Rabi ta riga ta ba ta labarin ƙin da aka yi. Na buɗe baki zan ci gaba da zagin inshora, ta ɗaga mini hannu.

"Habibu, tsaya. Wa ke kai Hajiya hospital?"

"Ni ne, Anti."

"Wa ke shiga ɗakin doctor da shi?"

"Ni."

"Wa ke juya magana?"

"Ni mana," na ce, har da ɗan gyara hula.

Matar nan ta dube ni, ta dafa buhun shinkafa, ta fashe da dariya har da hawaye. Daga nan ta share ido ta wanke ni tas. Ta ce Hajiya ta yi watanni ba ta kwanta a gado ba, a kujera take barci a zaune, don in ta miƙe tsamin nan har hanci yake fito mata. Ta ce ko kunu ta sha sai ya dawo. Ta ce kwano take ajiyewa a gefen sallaya, don in ta yi sujada ba ta san abin da zai biyo baya ba.

"Hajiya yana wahala sosai paa," in ji ta. "Kai kuma ka tsaya mashi a kai kamar soja. Zai faɗi amai gaban mijin ɗiyanshi? Bai faɗi koraa, ko kaɗan, ko zai mutu. Insurance bai yi laifi ba. Abin da ka faɗa suka rubuta."

Na tuna sujadar nan da ta ambata, na ji kamar in nutse a wurin. Na fita ko daddawar ban ɗauka ba, sai da ta aiko mini da ita.

Sai dai gane matsala daban, gyara ta daban. Ba zan je in ce wa Hajiya na san halin da take ciki ba, don kunyar ta fi ciwon yi mata zafi. Ba zan daina kai ta ba, sai ta ɗauka na gaji da ita. Muka zauna ni da Rabi da Anti Memuna muka ƙulla shiri. Aka nemi sabuwar ranar ganin likita, Rabi ta kira asibiti ta ce a tanadi tafinta, kuma mace. Anti ta rufe shago ta ce rakiya za ta yi.

Da muka isa ƙofar asibiti na leƙa hagu na leƙa dama, alhali ga wurin ajiye mota fili guda a gabana. Na ce, "Kash, Hajiya, yau babu wurin fakin, masu rubuta tara kuma suna ta yawo. Sai dai ku shiga da Anti, ni in zauna da motar."

"Allah sarki," in ji Hajiya. "To zauna da motarka, Malam, kada su cuce ka."

Ban taɓa ganin ta fita daga mota da sauri irin na ranar ba. Na ji zafi kaɗan, ba zan yi ƙarya ba, sai kuma dariya ta kama ni. Na yi ta zagaya unguwar har mai sayar da kofi a kusurwa ya fara ɗaga mini hannu.

Abin da ya faru a ciki daga bakin Anti na ji. Aka kawo waya aka haɗa su da wata tafinta, wata baiwar Allah mai Hausar Nijar, ta ce, "Inna, ki hwaɗi duk abin da ke damun ki, ni ban san ki ba, ba ni ganin ki." Hajiya ta buɗe baki kamar an fasa famfo. Ta faɗi amai, ta faɗi kujera, ta faɗi tarin da ke tashinta, ta faɗi abubuwan da Anti ta ce ko ita ba ta sani ba. Likita mai sauri ya ja kujera ya zauna. Da ta gama ya tambaya, cikin mamaki, me ya hana ta faɗa tun tuni. Anti ta ce masa, "That man, mijin ɗiyanshi ne. Son-in-law." Ya ce to sai me? Anti ta ce ta rasa ta inda za ta fara, sai kawai ta ce masa ya rubuta abin da ya ji.

Ya rubuta, ya ɗaukaka ƙara. Aka zura mata ƙaramar kyamara ta baki, aka ga maƙogwaro ya yi ja ya sassaɓe. Aka tura ta wurin mai ba da shawara kan abinci, aka tura ta wurin likitan ƙwaƙwalwa ya tabbatar ta fahimci aikin. Wannan ya ɓata wa Hajiya rai, ta ce ciki ke mata ciwo, wa ya ce musu kai ne? Duk waɗannan ziyarori ni na kai ta, kuma abin mamaki, ba a taɓa samun wurin fakin ba ko sau ɗaya.

Jiran amsa shi ne ya fi cin rai. In ka kira su sai su sa maka kiɗa, ka ji har ka iya shi, sannan a ce ka kira gobe. A nan kam ina da ƙorafi, kuma ban janye ba: mutum yana barci a kujera bai kamata a riƙa jan sa da "ana dubawa" ba. Daga ƙarshe likitan ya kira likitan inshora suka yi magana baki da baki. Wata Talata da azahar, ina cin abinci a mota, Rabi ta kira tana guɗa. Sun yarda, za su biya aiki da kwanciya da magani. Na fito na yi sujada a gefen titi, ban damu da masu kallo ba.

Aikin ta 'yan ƙananan huji aka yi shi, ba a tsaga ciki ba. Ni da Rabi muka zauna a ɗakin jira, ta riƙe carbi na riƙe kofi, har likita ya fito yana murmushi ya ce komai ya tafi daidai. Da ya gane ni sai ya ce, "Ah, son-in-law!" ya miƙo mini hannu. Ashe an yi masa darasi.

Hajiya ta ce ba za ta yi jinya a gidan suruki ba, don haka Rabi ta ɗauki hutu ta koma Morrisania. Makon farko ruwa ne da romon da aka tace, kurɓi-kurɓi, da ɗan tattaki a baranda. A mako na biyu muka tsorata. Ba ta shan ruwa isasshe, jiri ya ɗebe ta, aka koma asibiti aka yi mata ƙarin ruwa. Wannan karon da nas ta tambaye ta ta bakin tafinta, ta faɗi gaskiya tiryan-tiryan, ni kuwa ina can wurin mota. Daga nan aka koma kunu mai ruwa-ruwa, da kifin da aka dama, da ƙwai mai laushi. Wasu ƙwayoyin ƙarin jini da abin sha na gina jiki inshora ba ta ɗauka ba, mu muka saya, kuma ba su da arha. Na yi asarar fasinjoji da yawa a watannin nan, amma ban yi nadama ba.

Masu dubiya kuwa sun yi mana kara. Matan masallaci da 'yan Zango suka yi ta zuwa da kuloli: tuwon shinkafa, waakye, wato shinkafa da wake irin ta Zango, dambun nama, farfesun kan rago, duk an kawo wa matar da cokali uku ke ƙosar da ita. Rabi ta riƙa miƙo mini su a bakin ƙofa. Ba a zubar da abincin dubiya, saboda haka na sadaukar da kaina. Kafin Hajiya ta warke sai da na ƙara huji a bel ɗina, har Anti Memuna ta ce in shirya, ni ne na gaba a layin likitan.

Ga abin da nake so ku ɗauka. In an taɓa yi wa naku aikin rage tumbi sai ciwo ya biyo baya, kada ku ce ai gwamnati ta biya sau ɗaya ba za ta ƙara ba. Tana biya in an nuna larura, kuma in sun ƙi a karon farko akwai ɗaukaka ƙara. Amma abin da marar lafiya ya faɗa wa likita shi za su karanta, ba abin da ya haɗiye ba. Ku nemi tafinta, mace ga mace, namiji ga namiji. Ku kai surukanku asibiti, akwai lada, amma ku tsaya a ƙofa. Kunyarmu abu ce mai kyau, ban ce a yar da ita ba. Ni dai na koyi ba ta wuri.

Kusan wata biyu bayan aikin likita ya ce ta fara gwada abinci mai ɗan jiki. Ranar ina ɗauke da wani dattijon Bature zuwa Flatbush, sai ga kiran Rabi. Na sa ta a kunne, na ji tana sheshsheƙa. Na rage gudu.

"Lafiya? Me ya faru?"

"Faɗa take yi mini," in ji Rabi, tana kuka tana dariya. "Na yi mata tuwo mai laushi da miyar kuɓewa. Ta ci loma huɗu, sun zauna, babu abin da ya dawo. Yi shiru ka ji."

Hajiya ba ta san waya na kunne ba. Na jiyo muryarta daga falo, da ƙarfi, irin muryar da ban taɓa sanin tana da ita ba.

"Ke, wannan miya ce ko ruwan wanke hannu? Ba gishiri, ba yaji, kuɓewar ma ba ta ja! A gidan wa kika koyi wannan? Kawo tukunyar nan, zubo mini cokali guda in ƙara tabbatarwa."

Idona ya cika, hanya ta dushe mini, dole na gangara gefen titi na tsaya. Dattijon ya leƙo daga baya, ya dafa kafaɗata, ya tambaya a hankali ko rasuwa aka yi mini.

Na ce masa a'a, surukata ce ta nemi ƙari.